Tambaya: tsarin "gwamnati ta ɗauki nauyin talaka" zai yi aiki a Kabi, ko gurguzu ne aka sake wa riga?

Ɗan Fadama (Argungu):

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda ya sani ya warware min da Hausa yadda zan iya maimaita wa mutanenmu a majalisa. Ni manomin shinkafa ne, noman rani muke yi ni da ƙanena a fadamar da mahaifinmu ya bar muna, kadada ɗaya da 'yan kai. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai N200 ba, aka ce an cire tallafi, kafin mu ankara ta wuce N500, ƙarshen 2024 har sama da N1,000 mun saye ta, kuma duk wanda ya taɓa ban ruwa da inji ya san shinkafa ba ta jiran ka samu kuɗi, a zafin Maris in ka yi kwana uku ba ka tada inji ba za ka tarar ganye ya nannaɗe ƙasa ta tsattsage. Akwai ranin da sai da na sai da tunkiyar matata mai ciki don kada shukar ta ƙone tana cikin fidda kai. Muka yi girbi, alhamdu lillahi ta yi kyau, amma kowa ya fito da shanshera lokaci guda, dillali ya zo da motarshi ya faɗi farashin da ya ga dama, ga bashin taki ga na mai a wuya, dole ka sallama. Bayan wata huɗu buhun nan da na sayar da hawaye ya yi kuɗi a hannun wanda ya kulle shi a sito.

To ɗan yayata da ke jami'a ya zo hutu muna hira sai ya ce akwai tsarin da suke kira soshal dimokuraɗiyya, wai ba a hana kasuwa ba a ƙwace dukiyar kowa, amma masu hali su biya haraji mai nauyi, da shi a yi makaranta da asibiti kyauta, a sa wa amfanin gona farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ma'aikaci ya samu albashin da zai ci da shi, tsoho ya samu ɗan abin hannu duk wata. Na kai maganar wajen mai shayi, wani dattijo ya ce in rufa wa kaina asiri wannan gurguzu ne, ƙarshenta gonar ubanmu za a karɓe. Shi ne nike tambaya, mene ne bambancin? Kuma a ƙasar da ko kansilanka ba kai ka zaɓe shi ba, ta ina za a fara?

Tsohon Ɗan Sawaba (Birnin Kebbi):

Wa alaikumus salam ɗana. Wanga abu da ɗan yayarka ya kawo maka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sunan ne kawai na boko. Ni na shiga PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, tun 1978 ina saurayi, lokacin Kabi da Zamfara duk muna cikin jihar Sakkwato, kuma nan gidan jam'iyyar NPN ta Shagari ne, gwamnanmu marigayi Shehu Kangiwa, saboda haka mu 'yan tsiraru masu ɗaga tutar mabuɗi ko gidan suna muka je sai an matsa muna gefe. Abin da NEPU, jam'iyyar talakawa da PRP ta gada, ta tsaya a kai tun da aka kafa ta a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri da tsangwama a kanshi, shi ne talaka ya daina zama saniyar tatsa. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ku yara ba ku san haraji ba. Na ga magidanci mai furfura an zaunar da shi a rana ƙofar gidan hakimi don bai kawo kuɗin kanshi ba, ɗiyanshi na leƙe ta bayan danga. Rimi ya buɗe yaƙi da jahilci na manya, tsofaffi maza da mata suka koyi rubuta sunansu. A duk wannan ban ji an karɓe shagon kowa a Kantin Kwari ko gonar kowa ba.

Gurguzu irin na Tarayyar Sobiyet shi ne gwamnati ta mallake gona da masana'anta, jam'iyya ɗaya tal, ba ka da bakin magana. Wannan kuwa gonarka taka ce, ribarka taka ce, jam'iyyu na takara, in mai mulki bai yi ba a kada shi da ƙuri'a. Sai dai an yarda cewa akwai abin da bai kamata a bar wa kasuwa ba, kamar haihuwar matarka da karatun ɗanka. Ka gaya wa dattijon nan ya duba Suratul Hashri aya ta 7, inda Allah ya faɗi dalilin rabon dukiya, don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai. Wanda ya san zakka da baitulmali bai kamata wannan magana ta firgita shi ba. In ma maganar karɓe gona ce, a 1980 ba 'yan gurguzu ke mulki ba lokacin da manoman Bakolori can Talata Mafara suka tsaya kan diyyar gonakinsu da dam ya cinye aka buɗe musu wuta.

Amma tambayarka ta biyu ita ce mai ciwo. Balarabe Musa mutum ne mai gaskiya, amma majalisar jiharshi ta NPN ce, ko kwamishinoninshi sun ƙi tabbatarwa, a Yunin 1981 suka tsige shi. Mu kuma muka rabu gida biyu, santsi da taɓo, muka cinye junanmu, Malam Aminu ya rasu a 1983, sojoji suka zo ƙarshen shekarar. Mun zaci in an samu mutumin kirki ɗaya a sama shi ke nan, ba mu gina komai a ƙasa ba wanda zai tsaya ko ba shi.

Alhajin Kasuwar Jega:

Baba Allah ya ƙara girma, ban isa in ja da tarihin da ka gani da idonka ba, amma ni ɗan kasuwa ne kuma bari in faɗi tawa. Duk wannan tsari ya tsaya ne kan abu ɗaya, a tara kuɗi a damƙa wa gwamnati. Wace gwamnatin? Ni in na ɗora albasa daga Aliero zuwa kudu, kafin mota ta isa na biya a shinge ya fi a ƙirga, wannan da rasit wannan ba rasit, a kasuwa ga kuɗin rumfa ga na shara ga na lodi, kuma rumfar tamu in an yi ruwa da kanmu muke yashe kwata. Yanzu a ce a ƙara min wani harajin kuma? Manyan da ake nufi ba za su biya ba, suna da lauyoyi da akantoci, mu na tsakiya za a kama.

Maganar farashin amfanin gona kuma an taɓa yi. Hukumomin sayen gyaɗa da auduga na da ai su ke yanka farashi, kuma iyayenmu sun shaida ƙasa da kuɗin duniya ake biyan su, rarar ta tafi birni, har aka rushe su a 1986 zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida. Daga baya ma bashin noman shinkafa na Babban Banki, wanda ake kira Anko, ai a nan Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2015, kuma gaskiya an ga canji, shinkafa ta yi albarka, kamfanonin casa suka tashi, har da shinkafar Lake Rice da Kabi ta yi haɗin gwiwa da Legas. Amma kowa ya san yadda ta ƙare, wanda bai taɓa riƙe lauje ba ya shiga jerin manoma, wasu suka ɗauka rabon ganima ne ba bashi ba, aka ƙi biya. Kuma malamai sun karantar da mu cewa an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba.

Ɗan Fadama ƙanena, ba ina kare dillali ba ne, akwai azzalumai cikinmu, amma shi ma mai siton nan kasada yake yi. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 na san waɗanda kayansu suka ruɓe a hanyar Kamba ba wanda ya ce musu sannu. Masu kawo misalin Norway kuma su tuna mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, mu mun haura miliyan 200.

Malamar Asibiti (Yauri):

Alhaji barka da kasuwa. Ni ba 'yar siyasa ba ce, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na karkara, shekarata 14 ina aiki, abin da na gani kawai zan faɗa. Daren wata Laraba aka kawo min yarinya haihuwar fari a bayan mashin, an ɗaure ta da zani a jikin mai tuƙi don kada ta faɗo, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Ba wuta, da fitilar waya na duba ta. Na rubuta wa mijin abin da za a sawo, safar hannu, ruwan ƙari, allurar tsaida jini, ya karɓi takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sai ya ce min Malama a jira gari ya waye in kai akuya kasuwa. Jini kuma ba ya jiran ranar kasuwa. Mu uku da ke aiki muka haɗa daga aljihunmu aka buga wa mai kemis ƙofa, Allah ya sa uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Da na tambayi uwar mijin me ya sa ba su zo tun jiya ba, ta ce tsoron takardar nan suke yi.

To Alhaji wannan mutumin yana biyan haraji, duk katin waya da ya saya da duk shingen da ya wuce da buhunshi an cire wani abu. Abin da ake cewa shi ne a karɓa daga inda kuɗin suke a kai inda ake mutuwa. Kuma dokokin ma akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci irin namu. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi tarayyarmu ba ta cika ba. A 2022 an mai da inshorar lafiya dole, amma manomi ba shi da albashin da za a yanka, in ba daga haraji aka biya mishi ba suna ne kawai. Ingila da ta fara asibiti kyauta a 1948 ba cikin wadata ta fara ba, ta fito daga yaƙi ne bashi ya yi mata katutu ana rabon abinci da kati. Brazil ma ba ƙaramar ƙasa ba ce, ita ma ta haura miliyan 200, a 2003 suka fara ba iyalai matalauta kuɗi duk wata, yawanci a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta a yi musu rigakafi. Ni wannan sharaɗin da ba uwa a hannunta su suka fi burge ni, don na san matan da nike karɓar haihuwarsu, in naira ta shiga hannunsu cikin tukunya take faɗawa.

Malam Mai Alli (Zuru):

Gaisuwa ga Baba da Alhaji da Malama. Ni ina ganin Alhaji da Malama duk suna da gaskiya kuma maganarsu ba ta karo da juna, don gyaran tattalin arziki irin wannan ba ya tafiya sai da gyaran siyasa, tare ake ɗaukar su kamar tulu da gammo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tsarin nan yana rubuce cikin kundin tsarin mulkinmu na 1999, babi na 2. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya ce kada a tafiyar da tattalin arziki ta yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru, ya ambaci matsuguni da abinci da albashin da zai riƙe mutum da kula da tsofaffi da marasa aikin yi. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta. Sai kuma sashe na 6(6)(c) ya zo ya ɗaure hannun kotu, ya ce ba za ka kai gwamnati ƙara kan babin nan ba. To gyara na farko da masu wannan ra'ayi ke nema shi ne a kwance wannan ƙullin, in ajin ɗanka ba malami ko asibitinku ba magani ka iya tsayawa gaban alƙali.

Na biyu ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo haramtattu ne. Mu a Kabi muna da 21. Amma muddin hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ciyaman, kuma a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun, to an canza bututu ne rijiyar na hannun mai ita. Ya kamata a ɗauke zaɓen nan daga hannun gwamnoni, kuma duk wata a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon sakatariya a karanta a rediyo da Hausa da Dakarci da Zabarmanci da Fulatanci.

Na uku kuɗin takara. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, ba a zo maganar deliget ba, ni malamin makaranta ko albashin rayuwata aka tara min ba zan sayi takardar ba, wanda ya saya kuma sai ya fanshe. Kwamitin Mai Shari'a Uwais da marigayi 'Yar'aduwa ya kafa ya miƙa rahoto a 2008, ya ce a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a yarda da ɗan takara mai zaman kanshi, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi. Ɗan jiharmu Farfesa Attahiru Jega na cikin kwamitin. Manyan shawarwarin har yau suna cikin durowa.

Kan haraji Alhaji, abin da ake nema a rage maka yawan shingaye ne a haɗe su wuri ɗaya da rasit, nauyin ya koma kan manyan riba da manyan gidajen da ke kulle a Abuja. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun N800,000 ko ƙasa a shekara, wannan mataki ne mai kyau, saura a ga na sama sun biya. Norway ɗin da ka ambata darasinta ba yawan jama'a ba ne, kashi 78 take karɓa daga ribar kamfanonin mai ta zuba a asusun da kowa zai iya duba lissafinshi. Mu ga zinari a Zamfara da nan ƙasar Yauri, abin da mutanen Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka samu a 2010 shi ne gubar dalma da ta kashe yara sama da 400.

Farashi kuma ba cewa aka yi a tilasta wa ɗan kasuwa ba. Gwamnati ce za ta sanar tun kafin shuka cewa in shanshera ta faɗi ƙasa da kaza ni zan saya in zuba a rumbu, in ta yi tsada in fito da ita. Ka saya yadda kake so, amma Ɗan Fadama ya samu ƙofa ta biyu. Bambancinta da hukumar gyaɗa shi ne waccan ita kaɗai ke da ikon saye, manomi ba shi da wajen gudu.

Ɗan Fadama (Argungu):

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, wallahi na ƙaru. Malama labarinki ya hana ni cin tuwon dare, don matata ma wata bakwai gare ta yanzu. Alhaji ban ji haushi ba, maganar Anko gaskiya ce, a unguwarmu ma an yi haka kuma mu da muka biya namu mu muka ji kunya. Abin da na ɗauka shi ne ƙofa ta biyun nan. Mu 23 ne a layin fadamarmu, in muka haɗa kai muka kama sito ɗaya, kowa ya zuba buhu biyar, a ba wanda bashi ya matsa wa rance daga asusu maimakon ya karyar, ko ba gwamnati mun rage zafi. Malam Mai Alli dan Allah ya ake rajistar ƙungiyar gama kai, kuma in mun je sakatariya tambayar kuɗin wata ba za a ce mun yi rashin kunya ba?

Malam Mai Alli (Zuru):

Ba rashin kunya ba ne ƙanena, haƙƙinku ne, ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, ɗan yayarka zai iya sauko muku da shi a waya ku tafi da shi a hannu. Ku je da takarda a rubuce da sa hannunku duka, ku gaida mutane yadda ya kamata, ku karɓi kwafi mai hatimi. Rajista kuma ku nemi jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukumarku, zai buƙaci sunayen membobi da dokokin da kuka amince da su da rahoton zamanku na farko. Ma'aji da sakatare kada su fito gida ɗaya, kuma kuɗi a banki da sa hannun mutum uku.

Alhajin Kasuwar Jega:

Kan haraji har yanzu ina nan kan bakana sai na ga rasit ɗaya ya wadatar daga Jega zuwa Legas. Amma sito kam ku kama, ku ɗora buhunan kan katako kada su taɓa ƙasa, ku bar tazara da bango, kuma kada ku zuba shanshera sai ta bushe ƙamas in ka ciza ta ƙara a haƙori. In kun tara ta kai mota guda ku yi min magana, zan haɗa ku da masu casa kai tsaye ba sai ta hannun dillali ba.